Wa Ka Sani a Ƙanƙara?

Motar haya ta sauke wani baƙo a tashar Ƙanƙara da la'asar sakaliya, jaka a kafaɗa, yana ta waige-waige irin na wanda bai san gabas ba. Ya hango wani dattijo zaune a benci kusa da mai shayi, ya ƙarasa ya yi sallama, aka gaisa har da ban gajiya. Sai ya ce, “Baba, don Allah ina ake samun masauki a garin nan?” Dattijon bai nuna ko'ina ba. Ya dube shi daga hula har takalmi, sannan ya ce, “Samari, wa ka sani?”

Duk wanda ya saba bin garuruwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san wannan tambayar, ya kuma san abin da ke biyo bayanta. In baƙo ya ambaci sunan wani ɗan gari, magana ta ƙare. Za a haɗa shi da yaro ya kai shi har ƙofar gida, a share masa shago, a shimfiɗa tabarma, a ajiye buta, kafin isha'i kwanon tuwon masara da miyar kuka ya fito daga cikin gida, kuma ba mai karɓar sisinsa. In kuwa bai san kowa ba, shawara guda zai samu: ya nemi motar Malumfashi ko ta Funtua tun da sauran rana. Ba rowa ce ta kawo haka ba. Shekarun da aka kwashe ana fama da ɓarayin daji da infomominsu ne suka koya wa mutane su binciki baƙuwar fuska kafin su yi mata maraba.

Sai dai wannan hattarar tana cin kuɗi. Ma'aikacin da aka turo duba aiki, da ɗan kasuwar da ya zo sayen masara, da malamin jami'ar da ya zo ɗibar farar ƙasa, yawancinsu da hantsi suke shigowa su fice kafin rana ta yi sanyi. Kuɗin kwanansu da na abincin darensu da na shayin safe duk a wani gari ake kashe su. Ƙananan hukumomi uku da ƙidayar 2006 ta ba mutum sama da rabin miliyan sun koma wurin da ake leƙawa a juya. Abin da zai fara gyara wannan ƙaramin abu ne: 'yan gidaje tsaftatattu a cikin manyan garuruwan, kowanne da mai shi sananne, inda baƙon da bai san kowa ba zai biya ya sauka, ya mai da wurin mazauninsa yana fita yana komowa.

Ga misali daga nesa. A arewa maso yammacin Sikotilan akwai wani tsibiri mai suna Skye. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,656 ne, wato bai ma kai ƙaramar hukumar Faskari ba, mazaunansa kuma ba su wuce 10,000 da ɗoriya ba. Ƙasar duwatsu ce da tumaki da ruwan sama marar jin magana, ga wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da ke addabar mutane a watannin zafi. Duk da haka baƙi sama da rabin miliyan ke zuwa a shekara, kuma da yawansu ba otal suke sauka ba. Ɗan gida suke kamawa na mako guda, sau da yawa tsohon gidan manomi mai farin fenti, ɗaki biyu ko uku da madafa da murhun jin ɗumi. Mai gidan yakan bar makulli a wani ɗan akwati a bakin ƙofa, ya ajiye taswira a kan tebur, da takardar da ke faɗin inda ake sayar da kifi da lambar da za a kira in famfo ya lalace. Baƙo ya yi cefanensa a Portree, babban garin tsibirin, ya dafa da kansa. Yau ya tafi duwatsun Cuillin, gobe ya je tsohuwar fadar Dunvegan, jibi ruwa ya tsare shi a ɗaki ya wuni yana kallon teku ta taga. Kowace yamma gida ɗaya yake komowa.

Sirrin abin duk yana ga kwanan nan. Mai wucewa hoto kawai yake ɗauka. Wanda ya kwana bakwai kuwa dole ya sayi burodi, ya sha mai, ya biya mai kwalekwale, kuma in ya tafi wata ce za a biya ta wanke zannuwan gado kafin na gaba ya iso. An buɗe gadar da ta haɗa tsibirin da tudu a 1995, aka soke kuɗin haye ta a 2004, daga nan zuwa ya ƙara sauƙi. Amma da ba wurin kwana, da gadar da ta shigo da mutum da safe ita za ta fitar da shi da yamma.

A nan ne mutumin Faskari zai yi tsaki ya ce ana ta kai wa ke ta kaya, kuma yana da gaskiya. A watan Yunin 2020 an kashe gomman mutane a Kadisau. A daren 11 ga Disambar shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sai ranar 17 ga wata aka sako 344, duniya ta ji sunan garin ta hanyar da ba wanda ya so. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, a watan da ya biyo baya kuma aka katse layukan waya. An kafa babban sansanin soja a Faskari, an ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha a Oktoban 2023, amma a Yunin 2024 'Yargoje ta binne mutanenta. Sulhun da wasu ƙananan hukumomi suka zauna da 'yan bindiga a 2025, ciki har da Faskari da Sabuwa, ya sa an ɗan numfasa a wasu wurare, sai dai ba mai hankalin da zai ce a saki jiki. Wanda ya kawo maganar yawon buɗe ido a irin wannan ƙasa ya cancanci a tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau.

To amma a leƙa tarihin wurin da ake misali da shi. Shekara ɗari uku da suka wuce, tsaunukan Sikotilan ƙasar ɓarayin shanu ce. Mafi shahara a cikinsu, Rob Roy MacGregor, wanda aka haifa a 1671, asalinsa dillalin shanu ne, bashi ya karya shi, ya shige tsaunuka yana kore garken mutane, yana kuma karɓar kuɗi a hannun manoma don a bar musu dabbobinsu. Mutumin Sabuwa ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan harajin. Daga 1725 wani janar mai suna Wade ya fara keta tsaunukan da hanyoyin soja, kimanin mil 250 da gadoji kusan 40. Bayan wani yaƙi da aka gwabza a 1746 aka karɓe makamai da ƙarfin tsiya. Abin da ya biyo baya ma ba abin koyi ba ne, domin masu ƙasa sun riƙa korar talakawa daga gonakinsu don su zuba tumaki, har sai da manoman Skye suka yi fito-na-fito da 'yan sanda a 1882, kafin dokar 1886 ta ba su tabbacin zama a filayensu. Abin ya ɗauki fiye da ƙarni, an kuma sha wuya. Yau kabarin ɓarawon shanun nan wurin ziyara ne, har akwai doguwar hanyar tafiyar ƙasa mai sunansa.

Ba wai a jira shekara ɗari ba, ba kuma a wanke ɓarawo ba. Abin lura biyu ne. Sunan ƙasa yana iya sauyawa, komai baƙin da ya yi. Sannan da ranar cin moriya ta zo, waɗanda kakanninsu suka riƙe gida da gona su ne suka sami abin sauke baƙo a ciki. Mutanen ƙauyukan da suka tashi suka tare a Ƙanƙara da Faskari da Funtua, in wuya ta sa suka saki filayensu da arha, ranar da ƙura ta lafa wasu ne za su ci.

Me ma baƙo zai gani? Wannan tambayar 'yan gari ne suka fi yin ta, saboda idon da ya saba da abu ba ya ganinsa. Mutumin Ƙanƙara yana taka farar ƙasa kullum bai ɗauke ta komai ba, alhali ɗaliban injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna rubuta kundaye a kanta, wasunsu sun san sunan garin a takarda ba su taɓa ganinsa ba. Wannan yanki shi ne Katsina Laka, ƙasar da ta fi sauran jihar ruwa da ƙarfin noma. Wanda ya karanta littafin marigayi Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina, wanda aka buga a 1981, ya ci karo da sunayen Pauwa da Maska da Kogo da 'Yandoto, kuma sunayen nan ba su mutu ba. Hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa ne, na Sabuwa Kogon Katsina ne, na Faskari Sarkin Yamma. Maska, wadda ta yi suna a saƙa da rini, tana nan kusa da Funtua. 'Yandoto, garin malamai, tana tsallaken iyaka a ƙasar Tsafe. Daudawa kuwa tun zamanin Turawa gonar irin auduga ce, a da daga can iri ke bazuwa, audugar ta taru a injin gurza na Funtua, jirgin ƙasan da ya bi ta garin zuwa Ƙauran Namoda ya kwashe.

Sai karar shanu ta Sheme, a kan hanyar Funtua zuwa Gusau. Ɗan birnin da bai taɓa tsayawa a kara ba zai yi wuni bai gaji ba: ƙura, da kukan maruƙa, da dillali riƙe da sanda yana zagaya bijimi yana dafa tozo, mai saye ya taya, mai shanu ya kau da kai ya ce albarka, a ja shi gefe a yi ƙus-ƙus, a dawo a ƙara, can a ji ya ce ya sallama, a tafa, dillali ya soke la'adarsa a aljihu. Gefe guda mata sun jera ƙoren nono, mai tsire yana ta fifita wuta. Turawan da ke kallon gwanjon tumaki a Portree, da sun ga wannan da sun manta da na gida.

Babban abin kuma shi ne dajin Kogo. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ɗaga darajar dazuzzuka goma su zama gandun daji na ƙasa, Kogo na cikinsu, tare da Falgore ta Kano. Dajin Kogo yana maƙwabtaka da Kamuku ta Birnin Gwari, wadda ta samu wannan matsayi tun 1999, da kuma Kuyambana ta Zamfara. Abin takaici, dazukan da ya kamata a ce masu gadin namun daji ne ke sintiri a ciki, masu garkuwa ne suka san lungunansu. Matsayin gandun ƙasa a takarda yake tukuna. Amma in Allah ya kawo ranar da aka buɗe shi, a ina mai zuwa zai kwana? A Yankari an amsa wannan da ɗakunan sansanin Wikki, kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, sai dai kuɗin da baƙo ya kashe can yawanci a cikin sansani yake tsayawa. Faskari tana da damar ta riga kowa, ta sa baƙon Kogo ya kwana a cikin gari.

Kada a yi zaton Bature za a jira. Baƙon farko yana nan yana zuwa, shi ne dai wanda ke gudu kafin magariba. Akwai masu sayen hatsi da kaka. Akwai ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyin agaji, da malaman zaɓe, da 'yan jarida, da ɗaliban da ke bincike. Akwai kuma wanda aka fi mantawa da shi, ɗan asalin gari da ke aiki a Abuja ko Legas, ya zo biki ko gaisuwar rasuwa da mata da 'ya'ya biyar, gidan mahaifi ya cika maƙil, sai a raba su ɗaki-ɗaki, shi ya ƙare a kan tabarmar zaure. Kwana biyu ya ce aiki na kiransa. Da akwai ɗan gida mai banɗaki da sola da gidan sauro da zai kama na mako guda, da yaran sun ga madatsar ruwan Mairuwa, sun je Zobe ta hanyar Dutsinma, sun san gonar kakansu.

Akwai masu ganin karɓar kuɗin baƙo abin kunya ne, musamman a jihar da ke tinƙaho da karamci, Katsina ɗakin kara. Akwai kuma ƙyamar da ake yi wa otal, wadda tana da tushe. Turawan mulki sun gina barikoki a garuruwan hakimai, Joji ya sauka can in ya fito rangadi, ya yi kwanaki yana zagaya ƙauyuka yana komowa, talakawa na kawo kaji da ƙwai da itace ba don suna so ba. Masaukin yawo na farko ke nan da ƙasar nan ta gani irin na zamani, kuma duba yadda kalmar ta ƙare, har yau in an ce wane ɗan bariki ne ba yabo aka yi ba.

Amma Bahaushe yana da nasa tsarin tun kafin Joji, wato fatoma. Fatake in sun iso gari gidansa suke sauka. Shi ke ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu in rigima ta tashi, ya ci la'adarsa a kan ciniki, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya zubar da mutunci. Da wannan tsarin aka riƙe cinikin goro da shanu daga Kano har Gwanja, da shi unguwar Sabo ta Ibadan ta kafu. Baƙuncin kwana uku da addini ya kwaɗaitar yana nan daram ga wanda ya zo zumunci ko ya rasa abin yi. Wanda ya zo neman kuɗi ko shan iska da guzurinsa, biya shi ne mutuncinsa, don ba kowa ke son ya zama nauyi a kan wani ba.

Fatoma ma ya fi akwatin makullin Skye dacewa da halin da ake ciki. A ƙasar da ake tsoron infoma ba a barin makulli a bakin ƙofa. Ana bukatar mutum mai fuska, wanda mai unguwa da dagaci suka sani, wanda zai ga katin shaidar baƙo ya rubuta lambarsa, ya san abin da ya kawo shi, ya kuma sanar da wanda ya dace. Shi zai ce masa yau hanyar nan ba ta biyuwa, ko ya ce ka dawo kafin la'asar, ko ya haɗa shi da ɗan acaɓan da aka yarda da shi. Da ɗan gari akan ci gari. Haɗari kam akwai shi, domin gidan da aka san baƙi na sauka yana iya jawo idon miyagu, ga baƙon ga mai gidan. Shi ya sa a yanzu maganar ba ta wuce tsakiyar manyan garuruwa ba, ba allo a bakin titi, ba talla a Facebook da hoton ƙofar gida, kuma duk ranar da mai masauki ya ce ba fita, to ba fita.

Kuɗin da za a kashe ba na a zo a gani ba ne. Ɗaki biyu da ƙofarsu daban da ta cikin gida don a kiyaye sutura, banɗaki mai tsafta, randa ko tanki, fanka da fitilar sola, raga a taga, da farashi a rubuce don kada a yi ciniki irin na kara. Uwargida ta samu cinikin abinci ba tare da ta fita ba, ɗan gidan da ya gama sakandare yana zaman kashe wando ya zama ɗan jagora, in ya zauna da dattawa ya koyi tarihin garinsu.

Skye ma tana da ciwon da ya kamata a gani tun daga nesa. Da hayar baƙi ta yi tsada, sai masu kuɗi daga waje suka riƙa saye gidaje suna zuba masu yawo, matasan tsibirin suka rasa inda za su kama, har wasu wuraren cin abinci ke rasa ma'aikata saboda ba ɗakin da za su zauna. Sai da gwamnatin Sikotilan ta kawo dokar lasisi a 2022 ga duk mai ba da gida hayar ɗan lokaci. Ƙanƙara ba ta kusa da wannan matsalar, amma garin da ke cike da 'yan gudun hijira bai kamata ya bari a tashi mai haya don a sauke mai sayen masara ba. In hakimi ne ke riƙe da rajista, yana iya ƙayyade yawan gidajen, ya kuma tsaya a kan sai ɗan gari mazauni.

Gwamnati ta fi son abin da za a yanka kyalle a ɗauki hoto, kuma gida mai ɗaki biyu ba ya shiga labaran ƙarfe tara. Amma wannan ba sai an jira Katsina ko Abuja ba, ba kuma sai an ba da kwangila ba. Shugabannin ƙananan hukumomin uku su zauna da Sarkin Pauwa da Sarkin Yamma da Kogo da jami'an tsaro, a fitar da gida biyar-biyar a kowane gari kafin kaka mai zuwa, a duba su, a rubuta su, sannan a kai sunayen masu su ga shugabannin tashoshin mota.